Shukokin cikin ɗaki a hunturu: janye hannu, ƙara sa ido

Wata safiya a tsakiyar hunturu na ja tukunyar moda da ke bakin tagata don in share ƙasanta, sai ganye uku suka zubo a hannuna kamar ba su taɓa haɗuwa da gindin ba. Ƙasan kowane ganye ya yi laushi, ya koma ruwan ƙasa, yana wari irin na tsumman da aka manta a jiƙe cikin bokiti. Shekara biyu ina tare da shukar nan, kuma kowa ya san moda, mai dogayen ganye tsaye kamar takubba, tana cikin shukokin da suka fi kowace juriya. Na ɗauki tukunyar na kai wa wata dattijuwa maƙwabciyata da tagoginta ke cike da koren ganye duk shekara. Ba ta ko kalli ganyen ba. Ta karɓi tukunyar ta auna nauyinta a tafin hannu, ta ce, "'Yar nan, yaushe rabonki da ba ta ruwa?" Na ce, "Shekaranjiya, Inna. Duk Talata da Asabar nake ba ta." Ta ce, "Ita ta ce miki tana jin ƙishi, ko kalanda ce ta ce miki?"

Duk abin da na koya game da kula da shuka a lokacin sanyi daga wannan tambayar ya taso. Garin gyaran gira na rasa ido, kuma na ga mutane da yawa sun yi irin asarata da kyakkyawar niyya.

Sai an fahimci abin da ke faruwa a jikin shukar kafin dabarun su zauna a kai. Shuka da haske take haɗa abincinta. Ruwan da saiwa ke zuƙa kuwa, mafi yawansa ba ya zama a jikinta, fita yake ta wasu ƙananan ƙofofi da ke jikin ganye, galibi ta bayansa, waɗanda a yawancin shukoki ke buɗewa idan akwai haske. A hunturu yini yana gajarcewa, rana tana yin ƙasa-ƙasa, haskenta ya raunana. A arewacin duniya yini mafi gajarta kan faɗo 21 ko 22 ga Disamba, a kudanci kuma wajen 21 ga Yuni, akwai ma wuraren da hasken yini ba ya cika awa 8. Inda yini ba ya gajarcewa sosai, hazo ko gajimare kan dushe ranar. Da haske ya ragu, shuka sai ta rage aiki: toho ya tsaya, shan ruwa ya ragu. Tukunyar da ke bushewa cikin kwana huɗu a lokacin zafi za ta iya kai mako biyu ko uku da danshi a cikinta. Idan ka ci gaba da zuba ruwa yadda ka saba, ruwan ya cike 'yan guraben iska da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa, saiwa ta rasa iskar da take shaƙa, ta fara mutuwa, funfunar da ke son jiƙaƙƙiyar ƙasa mai sanyi ta ƙarasa ta.

Abin da ke ruɗar mutum shi ne shukar da ruwa ya yi wa yawa kamanninta ɗaya da mai jin ƙishi. Ganye ya yi yaushi, ya sunkuya, ya fara rawaya, domin ruɓaɓɓiyar saiwa ba ta iya kai ruwa sama ko da tukunyar tana iyo. Mai shuka ya ga yaushi, tausayi ya kama shi, ya ƙara ruwa. Don haka ganin ganye ya langaɓe ba dalilin ɗauko buta ba ne, dalilin taɓa ƙasa ne.

Ga yadda nake yi yanzu. Ina tura yatsa cikin ƙasar har gaɓa ta biyu, wato kamar santimita 3 zuwa 5. Idan na ji sanyi-sanyi ko ƙasa ta manne a yatsan, na bar ta sai wani kwana biyu. Ga manyan tukwane da yatsa ba ya kai wa ko'ina, ina soka siririn tsinken katako har ƙasan tukunyar, in bar shi minti ɗaya, in zaro. Tsinken da ya fito da duhu da ɓurɓushin ƙasa a jikinsa yana nufin akwai sauran ruwa a ciki, ko da saman ya yi fari fat. Amma dabarar Inna ta fi duka: ɗaga tukunya. Ka ɗaga ta ranar da ka ba ta ruwa, ka sake ɗagawa bayan mako guda. Cikin wata ɗaya hannunka zai san nauyin kowace tukunya tana jiƙe da nauyinta tana bushe, har ka daina buƙatar tsinke. Tukunyar yumbu da ba a shafe ba tana saurin bushewa domin jikinta na shan iska, ta roba kuwa tana riƙe ruwa ta daɗe, don haka shuka iri ɗaya a tukwane biyu ba za ta ji ƙishi rana ɗaya ba.

Idan lokaci ya yi, ka ba ta ruwa sosai, ba 'yar kurɓa ba. Zuba a hankali kewaye da gindin har ruwa ya fito ta hudar ƙasan tukunya, ka jira kamar minti 15, sannan ka zubar da abin da ya taru a farantin ƙasa. Kada tukunya ta kwana zaune cikin ruwa. Abin da ake ragewa a hunturu shi ne yawan ranakun ban ruwa, ba adadin ruwan da ake zubawa a rana guda ba. 'Yar kurɓa kullum tana jiƙa sama kawai, saiwar ƙasa ta bushe, saman kuma ya zama gidan ƙwari. Ruwan famfo a lokacin sanyi yakan fito da sanyi ƙarara, saiwar shukar da asalinta ƙasashen zafi ne ba ta son haka. Ni da dare nake tara ruwa a buta in ajiye a ɗaki, da safe in yi amfani da shi. Da safen ma ya fi, domin ƙasa ta samu yini guda ta tsane kafin sanyin dare. Tukunyar da ba ta da huda a ƙasa kuwa, komai kyanta, tarko ce. Ka sa shukar a tukunya mai huda, sannan ka zura ta cikin kyakkyawar in kana so.

Ba duka shukoki ne ke son a bar su su bushe daidai da juna ba. Moda, alobera, kaktus mai ƙaya na hamada, da zamiyokulkas mai ganye mai sheƙi wadda ke tara ruwa a kumburarren tushenta a ƙarƙashin ƙasa, waɗannan sai ƙasa ta bushe har ƙasan tukunya. A ɗaki mai sanyi moda takan yi wata guda, wani lokaci fiye, ban ba ta ko ɗigo ba, kuma ba ta nuna damuwa. Potos mai yaɗo, monstera mai faffaɗan tsagaggun ganye, da itacen roba, su a bar rabin sama ya bushe. Masu ganye marasa kauri da suka fito daga inuwar daji, irin su kalatiya, ba sa jure bushewa kakaf, su kam da saman ƙasa ya bushe sai a ba su.

Ruwa ba ya tsami banza. Idan ka shinshina ƙasa ka ji tsami ko wari, ko gindin shuka ya yi laushi, kada ka jira. Juye tukunyar, ka fito da shukar gaba ɗaya, ka karkaɗe ƙasar a hankali. Lafiyayyar saiwa tana da ƙwari, launinta fari ne ko mai haske (ta moda takan ja zuwa ruwan lemo, wannan lafiya ce). Ruɓaɓɓiya baƙa ce ko ruwan ƙasa, tana saɓulewa a yatsa ta bar wani siririn zare. Goge almakashi da sifirit, ka yanke duk ruɓaɓɓen wuri har ka kai ga mai lafiya, ka wanke tukunyar da sabulu, ka zuba sabuwar ƙasa mai sakin ruwa wadda aka gauraya da yashi mai gari-gari ko ƙananan tsakuwa. Idan saiwa da yawa ta tafi, koma da ita ƙaramar tukunya, domin babbar za ta riƙe ruwan da ragowar saiwar ba za ta iya shanyewa ba. Ka ba ta 'yan kwanaki kafin ruwa na farko.

Bayan ruwa, haske. Idonmu yana yaudararmu a nan, domin yana sabawa da duhu nan da nan, sai mu ga ɗaki fayau alhali ga shuka magariba ce. Haske yana raguwa da sauri da zarar ka matsa daga taga. Mita biyu cikin ɗaki, abin da ke isa ga ganye ɗan kaɗan ne daga abin da ke bakin gilashi. Gwajina mai sauƙi ne: da tsakar rana ina sa tafin hannuna sama da farar takarda a inda shukar take. Idan inuwar ta fito da yatsu rarrabe, wurin ya yi. Idan wani dishi-dishi ne kawai, na matsar da ita. Kusurwar da ta wadatar a lokacin zafi ba lallai ta wadatar yanzu ba, don haka duk hunturu shukokina kan yi ƙaura zuwa taga mafi haske. A arewacin duniya wannan ita ce tagar da ke fuskantar kudu, a kudancin duniya kuma mai fuskantar arewa. Ka wanke gilashin ciki da waje, ka yaye labule tun da sassafe, ka riƙa juya tukunya kashi ɗaya cikin huɗu na zagaye duk ranar ban ruwa don kada shukar ta karkace gefe guda. Alamar ƙarancin haske ba ta ɓuya: kara ya yi tsawo ya sirance, tazara tsakanin ganye da ganye ta ƙaru, sabon ganye ya fito ƙarami, mai zane-zane ya koma kore zalla. Wanda ɗakinsa ba shi da taga mai kyau ya nemi fitilar LED ta shuka, ya rataye ta kamar santimita 30 sama da ganye, ta yi awa 12 zuwa 14 a kunne, sannan a kashe. Shuka ma tana buƙatar darenta.

Ƙura kuma tana tare haske fiye da yadda ake zato. Duk mako biyu nakan zauna da tsumma mai laushi da ruwa mai ɗumi-ɗumi, in tallafi ganyen itacen roba da hannun hagu ta ƙasa, in goge da dama daga gindi zuwa tsini, sannan in juya bayansa. Ruwa kawai, ba mai ba, ba wani abin sa sheƙi ba, don waɗannan toshe ƙofofin ganye suke yi, su kuma ƙara kama ƙura. Wannan zaman shi ne aikin da na fi so a duk hidimar, kuma a nan ne nake ganin matsala tun tana ƙarama.

Matsar da shuka kusa da taga yana da nasa haɗarin. Gilashi da dare ya fi iskar ɗaki sanyi nesa ba kusa ba, kuma ganyen da ya kwana jingine da shi yakan wayi gari da baƙin tabo mai ruwa-ruwa wanda ba ya warkewa. Bar tazarar tafin hannu tsakanin ganye da gilashi. Kuma kada ka ja labule mai kauri ka bar shukar tsakaninsa da taga, don ka kulle ta ke nan a wuri mafi sanyi a ɗakin. Ka shigo da ita ciki kafin ka ja labulen. Yawancin shukokin ɗaki daga dazuzzukan ƙasashen zafi suka fito, monstera daga kudancin Meziko da tsakiyar nahiyar Amurka, moda daga yammacin Afirka, don haka sun fi jin daɗi tsakanin digiri 18 da 24 a ma'aunin Selshiyos. Ƙasa da digiri 10, da yawansu sun fara cutuwa. Abin da suka fi ƙi shi ne sauyi farat ɗaya: ƙofar waje da ake buɗewa ana rufewa, iska mai shigowa ta tsagar taga, ko hucin hita da ke bugun ganye kai tsaye. Fikus mai ƙananan ganye shi ya fi kowa nuna fushi, yakan zubar da ganye tuli guda don kawai an sauya masa wuri. In ya yi haka, kada ka sake ɗaga shi, kada ka ƙara masa ruwa. Ka bar shi ya saba, zai mayar. Idan daɓen ɗakin siminti ne ko tayil mai sanyi, ɗora tukunyar kan katako ko kujera 'yar tsuguno, domin saiwa mai sanyi ba ta shan ruwa da kyau.

Sai bushewar iska. Iska mai sanyi ba ta ɗaukar danshi da yawa, idan kuma aka ɗumama ta da hita sai ta ƙara bushewa, har laimar ɗaki ta sauka ƙasa da kashi 30 cikin ɗari, alhali shukokin daji sun fi son kashi 40 zuwa 60. Alamar ita ce tsinin ganye da gefensa su bushe su yi ƙamas kamar an babbake. A nan zan faɗi ra'ayina ƙarara: fesa wa ganye ruwa da 'yar kwalbar feshi ba ya magance wannan. Na yi shekaru ina yi. Cikin 'yan mintoci ruwan ya bushe, iska ta koma yadda take, in kuma ganye ya kwana a jiƙe cikin sanyi sai tabon funfuna ya biyo. Abin da na ga ya yi aiki shi ne tara shukoki wuri ɗaya don danshin da kowace ke fitarwa ya amfani 'yar'uwarta, da nisantar da su daga hita, da kuma na'urar sa danshi a ɗaki ga wanda ke da masu laushin ganye da yawa. Kaktus da alobera ba ruwansu da wannan, busasshiyar iska gidansu ce. Kuma kada bushewar iska ta sa ka ƙara ruwa a tukunya. Ƙishin ganye daban, ƙishin saiwa daban.

Ɗumi da bushewa su ne abin da jan gizon ganye ke jira. Ƙanƙane ne ƙwarai, da kyar ido ke ganinsa. Abin da za ka fara lura da shi shi ne ɗige-ɗige masu haske a saman ganye kamar an tsattsaga da allura, daga baya siririyar yana tsakanin ganye da kara. Riƙe farar takarda a ƙasa ka girgiza ganyen; in ɗigon da ya faɗo yana motsi, shi ne. Ware shukar daga sauran nan take, ka kai ta banɗaki ka wanke bayan ganye da ruwa mai ɗumi-ɗumi, sannan ka fesa sabulun kashe ƙwari na shuka ko man darbejiya da aka tsarma yadda aka rubuta a jikin kwalbar. Ka maimaita duk mako har sau uku ko huɗu, don ƙwan da ya tsira zai ƙyanƙyashe. Farin ƙwaro mai kama da ɓurɓushin auduga, wanda ke maƙalewa a hammatar ganye, shi da auduga a tsinke da aka tsoma a sifirit ake dangwale shi ɗaya bayan ɗaya. Ƙananan baƙaƙen ƙudaje da ke tashi in ka taɓa tukunya kuwa saƙo ne kawai cewa ƙasarka ta daɗe a jiƙe, domin tsutsarsu a saman danshin take rayuwa. Bari saman ya bushe sosai tsakanin ban ruwa, ka kafa 'yar takarda mai gam ruwan ɗorawa ta kama manyan.

Taki, a ajiye shi. Shukar da ba ta toho ba ta cin taki, gishirinsa taruwa yake a ƙasa ya ƙone saiwa. Farin ɓawon da kake gani a bakin tukunya sau da yawa shi ne, ko kuma ma'adinan ruwan famfo. Sauya tukunya da yi wa rassa babban aski su ma su jira, sai dai ceton ruɓaɓɓiyar saiwa da na ambata. Busasshen ganye dai a cire shi kowane lokaci. Kuma in tsohon ganye ɗaya ko biyu na can ƙasa ya yi rawaya ya faɗi, ba abin tashin hankali ba ne, shuka na rage kayan da ba za ta iya ciyarwa ba.

Akwai waɗanda hunturu ne lokacin adonsu, kamar kaktus ɗin nan mai faffaɗan gaɓoɓi da asalinsa duwatsun gaɓar tekun Barazil ne, wanda dogon dare da ɗan sanyi ke sa shi fure. Shi ba na hamada ba ne, kada a bar shi ya bushe ƙurmus yana ɗauke da fure, kuma da ya fara kumbura ƙullin fure a daina motsa shi, in ba haka ba ya zubar. In kuma ka sayo sabuwar shuka a rana mai tsananin sanyi, a naɗe ta da takarda kafin a fito da ita waje, a gida kuma ta zauna ita kaɗai mako biyu kafin ta shiga cikin sauran, ko da ta zo da baƙi a bayan ganye.

Ba kwanan wata ne zai gaya maka hutun ya ƙare ba. Za ka ga yini ya fara tsawo, tukunya ta fara saurin yin sauƙi a hannu, sannan wani ɗan toho mai haske, naɗaɗɗe, ya leƙo daga tsakiya. A nan ne za ka matso da ranakun ban ruwa sannu a hankali, ka fara taki da rabin ƙarfin da aka rubuta.

Modar nan tawa ba ta tafi duka ba. Inna ta zaɓi ganye biyu da ruɓa ba ta kai samansu ba, ta yanka su gunduwa-gunduwa tsawon yatsa, ta yi wa ƙasan kowace alama don kada in dasa ta a juye. Na bar su kwana biyu a inuwa bakin yankan ya bushe, na soka su cikin ƙasa mai yashi, na ajiye a wuri mai haske da ɗumi. Wata biyu ba abin da ya motsa a sama. Da na ja ɗaya a hankali sai na ji ta riƙe ƙasa. Ɗan tsiron farko ya fito bayan wasu watanni, kore mai ratsi-ratsi, ba shi da rawayan gefen da uwar ke da shi, domin moda mai rawayan baki ba ta gadar wa 'ya'yanta wannan adon ta hanyar yankan ganye, sai ta rabon gindi. Yanzu tukwane uku ne a bakin tagar, tafin hannu guda daga gilashi, kuma wadda na ɗaga da safiyar yau har yanzu da nauyinta.